Kwana 87 a rumfunan tumatir na Shtuka

Ran da na kai wa Baba labarin, a garka na same shi, tsugune bakin fangali yana datse ruwa da ƙaramar hauya. Ƙarshen Nuwamba ne na 2022, ana tsakiyar dashen albasa, inji na ta ruri a bakin rijiya, sai da na ɗaga murya kafin ya ji ni. Na ce masa an zaɓe ni cikin ɗalibai biyu da za a tura sitaj, wato koyon aiki, Maroko, wata uku, a wata babbar gonar tumatir a yankin Shtuka, kudu da Agadir. Bai ɗago kai ba har sai da fangalin ya cika, ya karkata ruwan zuwa na gaba. Sannan ya ce, "Yaushe ne tahiyar?" Na ce farkon Fabrairu, dawowa ƙarshen Afrilu. Ya ce, "To, cirar albasa ba da kai ba ke nan." Can ya ƙara da cewa, "Allah shi sa da amfani."

Na san nauyin maganar. A Adar tafiya ba baƙon abu ba ce, da wuya ka shiga gida a ƙauyenmu ba ka tarar akwai wani a Abijan ko Libiya ko Najeriya ba. Yayana ma lokacin shekararsa shida a Abijan. Amma mai tafiya biɗa da kuɗi yake dawowa. Ni kuwa zan bar gida daidai lokacin da aka fi buƙatar hannu, in je in yi wa wasu aiki, in dawo da takarda.

Ina shekara ta uku a fannin aikin gona a nan Tawa. Wani malaminmu da ya yi karatunsa a Maroko, a cibiyar koyon noma da likitancin dabbobi ta Hassan II, wadda ke da reshen kayan lambu a Ait Mellul kusa da Agadir, shi ya ƙulla abin da wani tsohon abokin karatunsa da ke kula da wata gona. Tsarin shi ne mu biyu mu je can da sanyi, su kuma daga baya su turo ɗalibai biyu daga cikin masu sitaj a wurinsu, su zo su ga noman albasa a kwarin Magiya da aikin farfaɗo da ƙasa irin na Keita da Badagishiri. Shi ya sa ake ce masa musaya. An liƙa sanarwa, muka kai dosiye: takardar maki, wasiƙar neman shiga, da ɗan tarihin karatu. Aka tace, aka kira mu ɗaya bayan ɗaya. Da Mushe, wato malamin nan namu, ya tambaye ni abin da nake son gani, na ce gut-a-gut, wato ban ruwa ɗigo-ɗigo, da injunan da ke haɗa taki da ruwa. Ya ce, "Inji ko a salula kana iya ganinsa. Kai dai ka lura da abin da mutanen ke yi da safe kafin su kunna shi." Ban ɗauki maganar da muhimmanci ba a lokacin.

Fasfo ne ya fara gwada ni. Ana neman takardar haihuwa, takardar shaidar ɗan ƙasa da kotu ke bayarwa, katin ɗan ƙasa da hotuna. Ni a gida aka haife ni, ba a rubuta ni ba sai da zan shiga lakwal aka yi mini takardar kotu. Da na baje takardun a kan tabarma, sai na ga sunan Baba a takardar haihuwa ya sha bamban da wanda ke kan katina da harafi ɗaya. Harafi ɗaya tak, wanda shekara goma sha biyar ina yawo da shi ban taɓa lura ba. Gyaransa ya ci mini kusan mako uku na kai da kawo. Duk wanda ke da niyyar fita waje, ko da sai baɗi ne, ya zauna yau ya jera takardunsa ya karanta su harafi-harafi: sunansa, na mahaifi, na mahaifiya, rana da wurin haihuwa. A zaune a gida gyaran ba shi da zafi. Idan ranar jirgi ta matso ne yake zama ciwo.

Daga nan sai Yamai, kusan kilomita 550, motar kar ta tashi da asuba ta bi Badagishiri, Tsarnawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Dosso. Na sauka wurin Kawu a Bukoki, na kai dosiye, aka ɗauki hoto da zanen yatsu, na yi allurar shawara aka ba ni katin nan ruwan ɗorawa. Biza ba ta tashi ba, don a lokacin ɗan Nijar na shiga Maroko ba tare da ita ba muddin zamansa bai wuce kwana 90 ba. Dalilin ke nan da ya sa aka tsara mana kwana 87. Tikitin jirgi shirin ne ya biya. Kuɗin aljihu kuwa Inna ta sayar da tunkiyarta, yayana ya turo wani abu daga Abijan. Dirhami ba a samunsa a wajen Maroko, sai Kawu ya kai ni muka canza sefa zuwa Yuro, wanda farashinsa a ɗaure yake, sefa 655 da ɗoriya. Ya naɗe kuɗin a leda ya ce, "Ɗana, raba su gida biyu. Kar ka taɓa na biyun sai ka ga uwar bari."

Takardar da ta fi kowace daraja ita ce ta yarjejeniyar sitaj, mai hannu uku: na makaranta, na gona, da nawa. Na sa hannu ban karanta ta da idon basira ba, murna ta rufe ni. An rubuta cewa gona za ta ba mu masauki da kuɗin ƙarfafa gwiwa, amma ba a ce nawa ba, ba a ce ranar nawa ga wata ba. An rubuta manufofin koyo guda huɗu, amma ba a ce wa zai koyar ba. Waɗannan gurabun biyu duk sai da na faɗa cikinsu.

Jirgi ya tashi daga filin Diori Hamani cikin dare, gari na wayewa muna Kazablanka. Ɗan sandan shige da fice ya tambayi inda za mu sauka da abin da ya kawo mu, ya karanta yarjejeniyar, ya duba tikitin dawowa, ya buga hatimi. Muka shiga jirgin ƙasa zuwa Marrakesh, inda layin dogo ya ƙare, sai kar ta ratsa duwatsu da mu zuwa Inezgan, babbar tashar yankin Agadir. Daga can taksi mai ɗaukar mutum shida ta kai mu wajen Biyugra. Tun kafin mu isa na ga abin da ban taɓa gani ba: ƙasa shimfiɗe, an lulluɓe ta da leda iyakar ganin ido, rumfa na bin rumfa, kowace ta fi garkar Baba girma sau da yawa.

Sanyi ne ya fara yi mana maraba. Na ɗauka na san ɗari, na girma cikin hunturun Adar, amma namu busasshe ne. Nasu da laima yake zuwa daga teku, ya shiga bargo, ya kwana a ƙashi. Sanyin shekarar ya hana tumatir nuna da wuri, kaya ya yi ƙaranci, farashi ya hau. Cikin watan Fabrairun nan ne kantunan Ingila suka riƙa ƙayyade wa mutane yawan tumatirin da za su saya, hukumomin Maroko kuma suka dakatar da fitar da tumatir da albasa da dankali zuwa Afirka ta Yamma don a sauƙaƙa wa ƴan ƙasa. Ina tsaye a kasuwar Biyugra ina jin mata na kukan tsadar albasa, ina tuna cewa nan da wata biyu ta Galmi za ta cika kasuwanninmu har buhu ya rasa mai tayawa, ragowar a zuba a rudu, rumbun ajiyar albasa, wata ta ruɓe. Abin ya tsaya mini a rai.

Mako uku na farko ba abin da na yi sai aikin lebura. Ƙarfe bakwai muna cikin rumfa, bayan an taka ruwan magani a bakin ƙofa an wanke hannu, saboda wata cutar tumatir da hannu da almakashi ke yaɗawa. Tumatirinsu ba a ƙasa yake kwance kamar namu ba. Kowane tushe ana naɗa shi a igiya yana hawa sama, an dasa shi tun Agusta ko Satumba, ana ta ɗiba har Mayu. Aikina cire tsiron da ke fitowa a hammatar ganye, zage ganyen ƙasa, naɗa kai a igiya. Kafin azahar hannu ya yi baƙi-ƙirin da kaikayin ganyen, sabulu ba ya fitar da shi sai an goga ɗanyen tumatir. Yawancin masu aikin mata ne, ana kwaso su a bayan a-kori-kura tun duhu, sun naɗe fuska da gyale sai idanu. Akwai kuma ƴan Mali da Gini da Kodebuwa da ke zaune a Ait Amira. Mafi ƙarancin ladan leburan gona a doka lokacin dirhami 84 ne da ƴan kai a yini, wajen jikka biyar a kuɗinmu. A kunne kamar da auki, amma wanda ya biya hayar ɗaki ya sayi gas da burodi a can ya san ba ya kai ko'ina. Wata dattijuwa da ke layin kusa da nawa ita ta koya mini yadda ake karya tsiro da babban yatsa ba tare da an ji wa tushe rauni ba. Ba ma jin yaren juna, hannuna kawai take kamawa ta gyara.

Ban raina aikin ba, ɗan manomi ne ni. Amma da na ƙirga na ga kashi ɗaya cikin huɗu na zamana ya tafi ban ko leƙa ɗakin ban ruwa ba, ga shi wata ya mutu ba a ba mu ko dirhami ɗaya ba, har na kwance ƙullin Kawu na biyu, sai hankalina ya tashi. Abokin tafiyata ya ce mu yi haƙuri, baƙo ba ya ƙorafi. Na kira Mushe ta WhatsApp. Bai kira kowa ba, ce mini ya yi, "Ɗauki takardarka ka je da kanka. Ka gaisa, ka gode, sannan ka karanta masa manufofin nan huɗu, ka tambaye shi wanne za ka fara da shi." Haka na yi, gabana na faɗuwa. Shugaban gonar ya karɓi takardar ya duba, ya ce shi ya ɗauka an riga an haɗa mu da masu ban ruwa. Kowa ya zaci wani ya yi. Washegari aka miƙa ni ga wata ma'aikaciya da ke riƙe da sashen ruwa da taki. Kuɗin kuma suka fito bayan kwana goma, ba su kai yadda muka ƙiyasta ba, ba mu kuwa da bakin magana tunda ba a rubuta adadi ba.

A wurin matar nan ne sitaj ɗina ya fara. Ɗakin ban ruwan yana da duk abin da na yi mafarkin gani: manyan tankunan taki, matatai, kwamfuta mai buɗe bawul ta rufe da kanta. Ta bar ni na more kallo, sannan ta miƙo mini kaye da bik da kofin awo da wata ƴar na'ura mai kama da alƙalami. Ta ce aikina na nan.

A wannan sashen tumatir ba cikin ƙasa yake ba, cikin buhunan ɓawon kwakwa aka dasa shi. A kowace rumfa akwai wurin awo. An ware bakin tiyo ɗaya yana ɗiga cikin kwalba maimakon gindin shuka, don a san abin da kowane tushe ya sha a yini. Ƙarƙashin buhu ɗaya kuma an sa faranti mai tare ruwan da ya tsiyaye. Kowace safiya, kafin a kunna komai, sai in bi wuraren nan ɗaya bayan ɗaya, in juye ruwan kwalba a kofi in rubuta, in juye na faranti in rubuta, in tsoma na'ura in ga yawan gishirinsa da tsaminsa. Ana son tsamin ruwan da ke shiga ya tsaya tsakanin 5.5 da 6.5, in ya wuce haka saiwa ba ta iya ɗaukar wasu sinadaran ko da suna nan. Ana son abin da ya tsiyaye ya kai kamar kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na abin da aka bayar. In ya gaza, gishiri na taruwa a saiwa. In ya zarce, taki da ruwa ake zubarwa a banza. Da waɗannan lambobin take zaunawa ta yanke sau nawa za a ba da ruwa ran nan, minti nawa kowane. Kwamfutar ba ta san komai ba sai abin da kayen ya faɗa. A ranar na tuna maganar Mushe.

Akwai abin da na yi wanda har yau in na tuna nakan ji nauyi. Rumfa ta ƙarshe tana da nisa, tafiyar kusan minti goma sha biyar cikin raɓa. Lambobinta kullum kusan iri ɗaya suke fitowa. Wata safiya na makara, sai na kwafi na jiya na ɗan canza. Ba abin da ya faru. Na sake washegari, na sake a rana ta uku. Ashe cikin kwanakin nan layin da ke kai ruwa ɓangaren ya fara toshewa. Ran na huɗu da rana tsaka aka ga kawunan shuka sun sunkuya, bayan kwanaki kuma ƴaƴan da ke kai suka fito da baƙin gindi, aka zubar da akwatuna da dama. Ta ɗauki kayen ta tafi rumfar ita kaɗai, ta dawo ta ajiye shi a gabana a buɗe. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "In ba ka auna ba, ka bar gurbin fari. Farin gurbi yana ce mini tashi ki duba. Lambar ƙarya ce mini take yi kwanta ki huta." Na amsa laifina, na ba ta haƙuri. Na zaci za ta karɓe kayen, sai ta tura mini shi ta ce gobe in fara da rumfa ta ƙarshe. Har na bar gonar da ita nake farawa.

Da yamma nakan zauna wurin wani tsoho mai gadin rijiya, yana dafa shayi da na'ana'a. Mutanen Sus, wato yankin nan na Agadir, yarensu Tashelhit. Wata rana na ji ya ce wa jikansa ya kawo "aman", yaron ya kawo ruwa. Na zabura, don haka Buzayenmu ke faɗa a kasuwar Tawa da Abalak. Na gwada "akal", ya nuna ƙasa. Na ce "afus", ya ɗaga hannu yana dariya. Dama tun a hanya na ga rubutun tifinag a allunan ma'aikatu, irin wanda na saba gani a hannun maƙeran Buzaye, ashe tun 2011 tsarin mulkinsu ya mai da Tamazight, wanda Tashelhit reshensa ne, harshen hukuma. Daga ranar ya daina ce mini baƙo. Da guntun Faransancinsa da guntun Larabcina ya ba ni labarin cewa yana yaro da dabba ake jan ruwa a wurin nan. Yanzu rijiyar gonar ta wuce mita 100, ruwanta kuma na ƙara gishiri. Ruwan saman da Shtuka ke samu a shekara bai fi milimita 200 ba, mu Tawa mukan sami 300 zuwa 400. Madatsar Yusuf bin Tashfin da ke kan kogin Massa ta ja baya ƙwarai saboda fari. Abin da ya tsayar da gonakin da ƙafafunsu shi ne masana'antar tace ruwan teku da ta fara aiki a 2022, wadda a lokacin ke iya fitar da mita kubik 275,000 a yini, ana raba shi tsakanin gonaki da famfunan Agadir. Ruwan saye ne, da mita, kamar lantarki.

A nan na gane awon nan nasu ba gwaninta ba ce kawai, wuya ce ta koya musu. Sai da suka kusa shanye abin da ke ƙarƙashinsu sannan suka fara ƙirga ɗigo. Kuma ban dawo ina ganin komai nasu abin koyi ba ne. Na je inda ake tantance tumatir ana zuba shi a kwali, manyan motoci masu sanyi na ɗauka zuwa tashar ruwan Tanja, daga can sai Perpignan a Faransa. Duk kwalin da ya fita, ruwan yankin da ba shi da ruwa ne ya fita. Ƙananan manoman da ba su da ƙarfin zurfafa rijiya da yawansu sun koma lebura a gonakin manya. Ina kallon wannan ina tuna kwarinmu, inda ruwa ke kusa, kowace shekara injuna na ƙaruwa, kuma kowa ya san yadda rijiya ke ja da baya in Afrilu ya kama, amma ba wanda ke rubutawa.

Azumi ya same mu a can, aka ɗauka ran 23 ga Maris. A lokacin agogonsu da namu ɗaya ne, amma in azumi ya zo sukan mai da shi baya da awa ɗaya, sai da na riƙa lissafi kafin in kira Inna. Zafin cikin leda da azumi ba wasa ba ne, aka mai da aiki tun sassafe a tashi da wuri. Buɗa-baki da harira, wata miyarsu ta sha, da dabino, kusan kullum daga gidan tsohon nan. Abin da ya fi kwantar mini da kewa shi ne masallaci: Malikiyya ne kamar mu, ƙira'ar Warshu irin ta makarantar allo, bayan magariba kuma a yi da'ira a karanta hizbi da murya ɗaya. Ran da na zauna na bi su ba tare da na duba ba, limamin ya tambayi inda na yi karatu, na ce a zauren malam a ƙauyenmu. Salla ta kama Asabar 22 ga Afrilu. A ranar ne na ji nisan gida sosai, da aka turo mini hoton buhunan albasa jere a garka, ƙannena sun yi futu-futu da ƙura.

Kafin mu taso na tsaya sai da aka sa hannu aka buga hatimi a takardar shaidar kammala sitaj da takardar kimantawa, na kuma nemi izini a rubuce na yin amfani da lambobin kayen a rahotona. Wannan Mushe ne ya ja mini kunne a kai, ya ce abin da ba ka karɓa kana tsaye ba, ba za ka same shi ta waya ba. Ran 28 ga Afrilu muka sauka Yamai. Na rubuta rahoto, na kare shi a gaban malamai, aka ba ni maki mai kyau. Na kawo wa Inna man argan da amlu, wani abin dangwala burodi, Baba kuma jallabiya mai hula. Ya sa ta ya ce ta yi, sannan ya ce, "To mi ka gano?" Na fara ba shi labarin rumfuna da kwamfuta. Ya saurara har na gama, ya ce, "Wannan noman masu kuɗi ne." Ban musa ba, gaskiya ya faɗa.

Sai da rani ya zagayo na sami bakin magana. A ƙarshen Mayun 2023 Najeriya ta janye tallafin mai, esansin da ke shigo mana ta Ƙonni ya yi tsada, ga iyaka a rufe bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Kowane mai garka kukan mai yake. Da aka fara dashe na gangaro da tano mai cin lita 200 na ajiye a bakin rijiya, na sa tiyon inji a ciki, na duba agogon salula na ga daƙiƙa nawa ya ɗauka kafin ya cika. Na kai tanon ƙarshen garka, na haƙa rami na tare ruwan da ke isowa ta hanyar ƙasa, na sake aunawa. Abin da ke isa fangalan ƙarshe bai kai kashi biyu cikin uku na abin da ya baro rijiya ba. Sauran hanya ce ke shanyewa, yashi ne. Na maimaita kwana uku, na rubuta, sannan na kira Baba ya tsaya ya gani da idonsa. Ya daɗe yana kallon tanon. Ya ce, "Shekara talatin ina ba hanya ruwa ke nan."

Ba mu sa gut-a-gut ba, ba mu da kuɗinsa, albasa a fangali kuma ba lallai sai da shi ba. Tiyon roba muka saya muka binne daga rijiya zuwa tsakiyar garka, da bakuna uku da ruwa ke fitowa, irin wanda ma'aikatan gona ke kira kaliforniye, wanda tuni wasu garake a yankin ke da shi. Na sha wuce shi a hanyar lakwal, na ma karanta shi a darasi, ban taɓa tunanin garkarmu na buƙatarsa ba sai da na auna. Inji ya rage awannin aiki, bidon mai da ke ƙarewa a kwana uku ya koma kai mu kwana huɗu har da rabi. Na kuma ɗaura igiya mai ƙulli a kowane rabin mita, duk Juma'a da safe kafin a kunna inji a zura ta rijiya a ga inda ruwa ya tsaya.

Ɗaliban Maroko da ya kamata su zo ba su zo ba. Lokacin da ake shirin tafiyarsu ne aka rufe sararin samaniya a watan Agusta, aka ɗage, daga nan maganar ta yi sanyi. Abin na damuna, don na ci nasu ba su ci namu ba, kuma akwai abin da za su gani. Matar da ta koya mini awo ta sha tambayata yadda tassa ke riƙe ruwan sama a fako har hatsi ya fito, da yadda rudu ke ajiye albasa wata da watanni ba lantarki. Na zana mata a bayan kaye, na ce sai dai ta zo ta gani. Har yanzu mukan gaisa da Salla, takan tambayi rijiya.

Yanzu aiki ya riƙe ni a cikin gari, sai ƙarshen mako nake zuwa ƙauye. Kayen yana rataye a ƙusa cikin bukkar garka, an sa shi a leda saboda gara. Baba bai yi boko ba, da lambobin Larabci yake rubuta ƙullin igiya, ƙanena kuma ya rubuta litar mai a gefe. Makon jiya da na buɗe na tarar da Juma'a biyu a jere ba komai. Na tambaya, Baba ya ce ta farko sun je jana'iza Tamaske, ta biyu kuma igiyar ce ta tsinke. Ƙanena ya so ya cike da na makon baya, shi ya hana shi, ya ce a bar wurin fari har in zo in gani. Muka zauna a inuwar bukka muka ƙulla sabuwar igiya, yana riƙe da bakin, ni ina aunawa.